Wa Kamfanonin Samar da Ma'aikata Suke Yi wa Aiki, Kuma Ta Yaya Suke Zaƙulo Mutum?

Me ya sa matashi zai tura takardunsa wuri hamsin, ko "mun gani" ba a ce masa ba, alhali wani yana zaune a ofishinsa bai nemi komai ba, sai waya ta shigo ana yi masa tayin aikin da ya fi nasa albashi? Duk majalisar da aka tayar da maganar, amsa biyu ake bayarwa. Wasu su ce sai da hanya, in ba ka da kowa ka rungumi haƙuri. Wasu kuma su ce kwamfuta ce ke watsar da takardun tun kafin idon ɗan Adam ya kai kansu. Kowace amsa da ƙamshin gaskiya a cikinta, amma duka biyun sun tsallake wanda ke tsakiya, wato kamfanin da aka ba kwangilar nemo ma'aikacin. Yadda yake samun kuɗinsa da wuraren da yake leƙawa in an ba shi oda su ne ke bayyana yawancin abin da mai neman aiki ke ɗauka wulaƙanci ne ko rufa-rufa.

Wa ke biyan la'ada?

Kamfanin samar da ma'aikata dillali ne. Bambancinsa da dillalin shanu a kara shi ne, na kara yakan ci la'ada ta ɓangare biyu, shi kuwa ƙa'idar sana'arsa ta ce wajen mai ba da aiki kaɗai zai ci. Tunda banki ne ko masana'anta ko ƙungiyar agaji ke biya, su ne abokan cinikinsa. An ɗauke shi ne ya samo wa gurbi mutum. Samo wa mutum gurbi ba ya cikin kwangilarsa.

Tsarin biya da ya fi yawa shi ne sai an dace. Kamfanin ba zai ga ko kwabo ba sai wanda ya kawo ya kama aiki. A Turai da Amurka la'adar takan kama daga kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko. A Najeriya ciniki ake yi, wasu ma kwatankwacin albashin wata guda suke karɓa. Ɗauki misalin akanta mai albashin naira 500,000 a wata, wato miliyan 6 a shekara. In an daidaita a kan kashi 15, dillalin zai karɓi naira 900,000 daga aljihun mai ba da aikin, ba a taɓa albashin akantan ba. Yawanci akwai sharaɗin garanti na kimanin wata uku: in mutumin ya gudu ko aka sallame shi a cikin wa'adin, a kawo madadinsa kyauta ko a maido wani kaso na kuɗin.

A irin wannan tsari sau da yawa oda ɗaya ake ba kamfani uku ko huɗu, wanda ya riga kai mutumin da aka ɗauka shi ya ci. Daga nan halin da ake kuka da shi ya samo asali. Jami'in da ke riƙe da oda goma, yana tsere da wasu a kan kowace, ba zai zauna rubuta wa mutum ɗari huɗu wasiƙar ban haƙuri ba, domin babu mai biyansa wannan lokacin. Rashin kyautawa ne, kuma kamfanonin da suka san ciwon kansu sukan saita saƙon kai-tsaye ko da layi biyu ne. Amma ba gaba ba ce.

Manyan muƙamai, irin shugaban kamfani ko daraktan kuɗi, tsarinsu daban. Kamfani ɗaya ake ba odar shi kaɗai, a biya shi kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da mai muƙamin zai samu a shekarar farko, a kan biya uku: ranar sa hannu, ranar miƙa jerin sunaye, da ranar kammalawa. Korn Ferry da Spencer Stuart na Amurka da Egon Zehnder na Suwizalan suna cikin jiga-jigan wannan fage. Da wuya su yi talla. Zama suke yi su zana taswirar kamfanonin da ke sana'a iri ɗaya, su gano wa ke riƙe da wane muƙami a kowanne, sannan su bi su ɗaya bayan ɗaya a asirce. Akwai kuma alkawarin cewa ba za su janye ma'aikaci daga kamfanin da suka yi wa aiki ba har tsawon shekara ɗaya ko biyu.

Sai masu hayar ma'aikata, waɗanda su ne ke ɗaukar mutum su biya shi albashi, amma a wani wurin yake aiki. Randstad na Holan da Adecco na Suwizalan da Manpower na Amurka sun yi suna a kan haka. Sai kuma ejan-ejan masu kai mutane ƙetare. Waɗannan biyun za a dawo kansu, domin a nan talaka ya fi shan wuya.

Ranar da aka karɓi oda

Matakin farko zama ne da manajan da ke buƙatar ma'aikacin, kuma rabin nasara ko asara a nan ake yin ta. Gogaggen jami'i yakan tambayi abin da ba a rubuta a takarda ba. Me ya sa gurbin ya zama fanko, na baya tafiya ya yi ko korarsa aka yi? Nawa ne ƙarshen abin da za a iya biya? A cikin sharuɗɗa goma sha biyar da aka jero, waɗanne uku ne in babu su babu magana? Zagaye nawa za a yi na intabiyu, kuma wa ke da ta cewa a ƙarshe?

Abin da ke lalacewa a nan sananne ne. Ana kwafo bayanin aikin daga tsohon fayil, a bar sharuɗɗan da ba su da alaƙa da aikin yau. Ana neman mai gogewar shekara takwas da albashin mai shekara biyu. Wani lokaci ma manajan ya riga ya tsayar da wanda yake so a cikin gida, ƙa'idar kamfani ce kawai ta ce sai an tallata. Mutum ɗari biyar za su nemi gurbin da tun farko ba fanko ba ne.

Inda ake leƙawa, bi da bi

Masu neman aiki suna ɗauka talla ce farkon nema. A wajen dillali kusan ita ce ta ƙarshe. Wurin da yake fara buɗewa shi ne rumbun bayanansa: duk wanda ya taɓa turo CV, duk wanda aka taɓa yi wa intabiyu, musamman wanda ya zo na biyu a wata oda ta baya. Irin wannan an riga an tantance shi, an san albashin da yake nema, waya ɗaya ta isa. Shi ya sa wanda ya faɗi intabiyu ya rabu da jami'in cikin mutunci yakan ji kira bayan wata shida, shi kuwa wanda ya aika baƙar magana an rubuta a gefen sunansa.

Na biyu LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, wanda Microsoft ya saya a 2016 a kan dala biliyan 26.2, kuma masu rajista a cikinsa suka haura biliyan ɗaya a 2023. Dillalai suna biyan kuɗi su sami wani ɓangare na musamman da ke ba su damar tace mutane da sunan muƙami, gari, shekarun gogewa, makaranta da ƙwarewa, su kuma aika saƙo ga wanda ba su haɗu da shi ba. Yadda ake binciken yana da muhimmanci, domin da kalmomi ake yinsa. Mai neman akanta a Kano zai rubuta accountant OR "account officer", ya haɗa da AND ICAN (takardar ƙwarewar akantocin Najeriya), ya haɗa da AND Kano, ya ƙara NOT intern don ya kore masu koyon aiki. OR na faɗaɗa nema, AND na ƙuntata shi, NOT na cirewa. To wanda ya rubuta a shafinsa cewa shi "mai himma ne mai neman dama", bai ambaci muƙaminsa ko takardar ƙwarewarsa ko garinsa ba, ba zai fito a sakamakon ba ko da ya fi kowa iya aiki. Ba a ƙi shi ba, ba a gan shi ba ne. Haka mai jin Hausa da Kanuri da bai sa harsunan a CV ba saboda yana ganin ba abin faɗa ba ne, alhali ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri da Damaturu sukan sa harshen yankin cikin sharuɗɗan aikin fili.

Na uku shi ne tambayar mutane. Jami'in zai kira wanda ya taɓa sama wa aiki ya ce, wa ka sani da ya iya kaza? Ko wanda aka yi wa tayi ya ƙi, kafin a ajiye waya sai an tambaye shi ko akwai wanda zai ba da sunansa. Wannan ce gaskiyar da ke cikin maganar "sai da hanya". Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya yi bincike a garin Newton kusa da Boston a wajajen shekarar 1970, ya tarar fiye da rabin ƙwararrun da ya tambaya ta bakin wani suka sami aikinsu, kuma yawanci ba aminai ba ne, mutanen da ake haɗuwa jefi-jefi ne. Dalili kuwa, amininka abin da ka sani shi ya sani, tsohon abokin bautar ƙasa da ke wani gari shi ke jin labarin da bai iso unguwarku ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2022, a kan masu amfani da LinkedIn miliyan 20, ya ƙarfafa wannan. Sai dai a bambance abu biyu. Wani ya ba da sunanka a karanta takardarka, ka shiga intabiyu kamar kowa, wannan shaida ce. A tsallakar da kai jarrabawar gaba ɗaya saboda katin wani babba, wannan ita ce alfarmar da ta kashe ma'aikatu.

Talla tana zuwa ne in waɗannan ba su wadatar ba, ko in mutane da yawa ake so lokaci guda. A Najeriya akwai shafukan tallar aiki irin su Jobberman, wanda wasu ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo suka kafa a 2009, da MyJobMag, ga kuma ReliefWeb na ayyukan agaji. Matsalar talla ita ce ambaliya: gurbi ɗaya, takardu ɗaruruwa, akasarinsu daga waɗanda ko karanta sharuɗɗan ba su yi ba. Akwai kuma tallar da babu aiki a bayanta, an sa ta ne don a tara CV a cika rumbu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a goge.

Shin da gaske kwamfuta ce ke watsar da CV?

Manhajar da ake nufi ita ce ATS, wato manhajar bin sawun masu neman aiki, irin su Workday, Taleo, Greenhouse da SuccessFactors, su kuma dillalai da yawa Bullhorn suke amfani da shi. Asalin aikinta ajiya ne da tsarawa: ta karɓi CV, ta tsinci suna da makaranta da wuraren aiki ta zuba a gurabensu, ta nuna matakin da kowa yake. Maganar da ke yawo cewa tana watsar da kashi 75 cikin ɗari na takardu kafin mutum ya gani, waɗanda suka bi diddiginta sun tarar daga tallar wani kamfanin gyaran CV ta fito, babu binciken da ke bayanta.

Amma tana kayar da mutane ta hanya uku. Ta farko ita ce tambayoyin sharaɗi da ke cikin fom: shekarunka nawa, wane matakin digiri ka fita da shi, ka gama bautar ƙasa, za ka iya zama a gari kaza. Amsa ɗaya in ta saɓa, saƙon "ba ka yi nasara ba" zai shigo cikin minti kaɗan, ko da tsakar dare ne. Mutum ne ya saita sharaɗin, manhajar zartarwa kawai ta yi, sai dai zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wannan ya fi cutar ɗaliban jami'o'in gwamnati. Bankuna da manyan kamfanoni sukan ce mai neman gurbin sabon ma'aikaci kada ya wuce shekara 26 ko 27, ga shi yajin aikin ASUU ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022. Yaron da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba sai ya fito ya tarar shekarunsa sun haura layin da wanda ya yi jami'ar kuɗi bai kai ba.

Ta biyu ita ce karatun takardar. CV da aka ɗauki hotonta da waya aka mayar PDF, a wajen manhajar hoto ne, ba rubutu ba. Wadda aka tsara ginshiƙi biyu da akwatuna da zane-zane takan cakuɗe, sunan makaranta ya faɗa gurbin wurin aiki. Lambar waya da aka sa a can saman shafi cikin kan takarda wasu manhajojin ba sa ganinta. Gwajin mai sauƙi ne: kwafe duk rubutun CV ɗinka ka zuba a shafin rubutu mara ado. In ya fito a jere yana karantuwa, manhajar ma za ta karanta.

Ta uku ita ce jeri. In takardu sun kai ɗari shida, jami'in zai yi bincike da kalmomi a cikinsu, ya duba talatin ko hamsin na sama, kowace daƙiƙoƙi kaɗan a kallon farko. Da ya sami mutum goma masu kyau ya tsaya. Saura ba a ƙi su ba, ba a kai kansu ba. Wannan ne ya sa turawa a kwanakin farko na talla ya fi jiran ranar rufewa. Wani rahoto na Makarantar Kasuwanci ta Harvard da kamfanin Accenture a 2021 ya nuna kashi 88 cikin ɗari na masu ba da aikin da aka tambaya sun amsa cewa tsarin tacewarsu yana zubar da ƙwararrun da suka cancanta, don kawai ba su dace da sharuɗɗan kalma da kalma ba.

Shigowar ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa lamarin nauyi. Masu goyon baya suna cewa na'ura ba ta gajiya, ba ta san ɗan wane ba, kuma tana karanta takarda ta ɗari shida kamar yadda ta karanta ta farko. Masu suka suna cewa daga tarihin ɗaukar da mutane suka yi take koyo, har da son zuciyarsu. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya jingine wata manhaja da ya gina bayan an gano tana rage wa takardun mata maki, saboda yawancin CV ɗin shekara goma da aka koyar da ita da su na maza ne. A 2023 kamfanin koyarwa na iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 a Amurka kan zargin manhajarsa tana watsar da mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu 60 zuwa sama. Birnin New York ya fara tilasta binciken son kai a kan irin waɗannan manhajoji a 2023, Tarayyar Turai kuma ta sa su cikin rukunin masu babban haɗari a dokarta ta 2024.

Daga waya zuwa takardar kama aiki

Waɗanda suka tsallake za a kira su hirar minti 15 zuwa 30. Ba gwajin ilimi ba ne. Ana son a ji nawa kake ɗauka, nawa kake so, wa'adin sanarwa nawa za ka ba wurin aikinka, me ya sa za ka tashi, kuma da gaske za ka koma garin da aikin yake. A ƙarshe za a nemi izininka a tura sunanka. Kada ka amince sai an faɗa maka sunan kamfanin da ke neman ma'aikacin. In dillalai biyu suka kai CV ɗinka wuri ɗaya, rigimar wa ke da la'ada takan tashi, domin yarjejeniyar kan ce wanda ya fara gabatar da mutum shi ke da shi na wata shida zuwa shekara. Wasu kamfanonin maimakon su shiga rigimar sai su ajiye takardar gaba ɗaya.

Mutum uku zuwa biyar ake miƙa wa mai ba da aikin. Bayan intabiyu sai binciken baya: takardun makaranta, shaidar bautar ƙasa, tsoffin wuraren aiki, masu tsaya wa mutum. A nan 'yan Arewa da yawa ke tuntuɓe a kan abin da bai kai ya kawo ba. Muhammad a sakamakon WAEC, Mohammed a digiri, Muhammed a NIN. Sunan gari a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda, sunan mahaifi a wata. Ranar haihuwa ta bambanta tsakanin BVN da takardar haihuwa. Mai binciken da ke Legas bai san duk mutum ɗaya ba ne, abin da zai rubuta shi ne bayanai sun saɓa. Gyaran, wato takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida da daidaita NIN, yana cin makonni, don haka tun kafin a fara nema ake yinsa. Kuma kada a ajiye tsohon aiki a kan alkawarin baki, sai takardar kama aiki mai sa hannu ta shiga hannu.

Ejan ya ce a kawo kuɗi

Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta ce kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu kada su caji ma'aikaci kuɗi, kai-tsaye ko a fakaice, sai 'yan keɓantattun wurare da hukuma ta yarda. Najeriya ta rattaba hannun amincewa da ita a 2023. Birtaniya ta haramta cajin mai neman aiki tun dokarta ta 1973. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata a madadin wani ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Takardar rajistar CAC da ake liƙawa a bangon ofis shaida ce kawai cewa kamfanin yana da suna, ba lasisin ɗaukar ma'aikata ba ce. Masu lasisin suna da ƙungiyarsu, HuCaPAN. A Nijar kuwa hukumar ANPE ce ke rajistar masu neman aiki.

Me ke faruwa in aka juya tsarin, mai nema ya zama shi ne mai biya? Ribar dillali ta tashi daga cike gurbi ta koma yawan masu cike fom. Najeriya ta ga ƙarshen wannan ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa na Abuja da Fatakwal da Minna da Benin da sauran garuruwa. Sama da mutum rabin miliyan ne suka biya naira dubu ɗai-ɗai ta hannun kamfanin da aka ba kwangilar, a kan guraben da ba su wuce dubu biyar ba. Turmutsutsu ya kashe fiye da mutum goma. A 2023 kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu kan yadda ake sayar da guraben aikin gwamnatin tarayya a kan miliyoyin naira.

A harkar ƙetare abin ya fi muni, domin bashi ake ci. Macen da za ta tafi aikatau Saudiyya, ƙa'ida ita ce kafili, wato mai ɗaukar nauyinta a can, shi ne ke biyan kuɗin ɗauko ta, ta dandalin Musaned na gwamnatin ƙasar, da kwantiragi rubutacce. In ejan ya karɓi kuɗi a wajenta ko ya ce za a riƙa cirewa a albashi na wata kaza, ya ci ta ɓangare biyu ke nan, ita kuma ta sauka da bashin da zai hana ta cewa a'a ga duk abin da ta tarar. In da bizar Umara ko ta ziyara aka kai ta, ba ta da izinin aiki ko kaɗan, ranar da bizar ta ƙare ta zama abin farautar jami'ai. Sauye-sauyen da Saudiyya ta yi wa tsarin kafili a 2021 ba su haɗa da 'yan aikin gida ba. Hukumar NAPTIP, mai yaƙi da safarar mutane a Najeriya, ita ce ke karɓar ƙorafin wanda aka yi safararsa da sunan aiki.

Na Birtaniya salonsa daban. Takardar ɗaukar nauyi da ake kira CoS mai ba da aiki ne ke fitar da ita, ba hajar sayarwa ba ce, amma an sayar wa 'yan Najeriya da ita a kan miliyoyi, wasu suka isa suka tarar babu aikin. Gwamnatin ƙasar tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi a shafinta, kowa na iya dubawa kyauta. Kuma tun watan Yulin 2025 ta rufe ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙetare, don haka mai tallar wannan bizar yanzu iska yake sayarwa. Ma'aikatan lafiya kuma su sani Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya. Birtaniya ta hana dillalai farautar ma'aikata daga waɗannan ƙasashe, amma nas ko likita na iya neman gurbin da asibiti ya tallata da kansa.

Wanda aka ɗauka haya

Da yawa daga masu karɓar kuɗi a kantar banki, masu tallar buɗe asusu, direbobi da masu gadi, kayan wurin suke sawa amma ba ma'aikatan wurin ba ne. Bankin yana biyan kamfanin haya dunƙulallen kuɗi a kan kowane mutum, kamfanin ya cire kasonsa, ya biya albashi. Masu kare tsarin suna cewa yana buɗe ƙofa ga mai ND ko NCE da ba zai taɓa tsallake sharaɗin digiri ba, yana kuma rage wa kamfani nauyi. Ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa hanya ce ta biyan mutum biyu albashi daban a kan aiki ɗaya, ba ƙarin girma, ba tabbas, kuma ana iya maido mutum da saƙon imel guda. Duka biyun gaskiya ne, amma wanda ya shekara bakwai a kanta ɗaya ya san wadda ta fi nauyi.

Mai shiga irin wannan aiki ya duba sunan da ke saman takardar kama aikinsa, domin wannan kamfanin ne zai nema in rigima ta tashi, ba wanda yake zuwa kullum ba. Doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa na fansho. A nan aka fi yin coge: za a ga an cire a takardar albashi, amma kuɗin bai isa asusun ba. Ana gane haka ne ta neman bayanin asusu daga kamfanin fanshon duk bayan wata uku, in an ga giɓi a fara rubuta wa kamfanin hayar, in bai gyara ba a kai ƙorafi hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, da kwafin takardun albashin watannin da abin ya shafa.